Darasin zamiya a Dutsen Erjiyes: ya cancanci kuɗinsa

Ga ɗaliban da ke karatu a Turkiyya da masu zuwa kasuwanci lokacin hunturu, ga abin da na gani a darasin 'yan koyo na zamiya kan dusar ƙanƙara da na biya a Dutsen Erjiyes, kusa da birnin Kayseri. Dutsen ya kai mita 3,917, kuma daga tsakiyar gari zuwa filin wasan kusan kilomita 25 ne. Na shiga ta ƙofar Tekir, inda 'yan koyo suka fi taruwa saboda gangaren wurin bai da tsanani.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamin, wanda kowa ke kira "hoja", bai bari mun taka dusar ba sai da ya tabbatar mun haddace 'yan kalmomin da zai riƙa kira. Da farko wasu sun ƙosa, suna ganin ana cinye musu lokaci. Amma idan jikinka ya fara gangarowa, babu damar dogon bayani. Kalma ɗaya za ka ji daga nesa, kuma dole ƙafarka ta amsa nan take.

Babbar kalmar ita ce "kar sapani", wato garmar dusar ƙanƙara da Turkanci. Za ka haɗa kawunan dogayen allunan zamiya biyu da ke maƙale a ƙafafunka a gaba, ka buɗe bayansu, ka ɗan karkatar da gwiwoyi ciki. Da wannan tsayuwar ake rage gudu, da ita ake tsayawa, da ita kuma ake koyon juyawa. Malaman da ke koyar da yara da Turanci sukan ce mata "fiza", saboda siffarta ta yi kama da yankin fiza, abincin nan na Italiya, mai tsini a gaba da faɗi a baya. Mun daɗe a kanta ƙwarai, kuma na yarda da hakan, domin wanda bai iya garma ba haɗari ne ga kansa da na gabansa. Sai "ƙafar kwari" da "ƙafar tudu": idan kana ratsa gangare, nauyinka ya kasance a kan ƙafar da ke ƙasa, wato ƙafar kwari. Zuciya takan ce ka jingina wajen tudu don tsoro, alhali nan ne faɗuwa take.

Sauran sunayen ba su da wuya. "Fist" ita ce hanyar da aka gyara don zamiya, "baton" sandunan hannu, "kask" hular kwano. Na'urorin hawa kuwa uku ne: "gondol" mai rufaffen ɗaki, "telesiyej" mai kujeru a rataye, da "teleski" mai jan mutum yana tsaye. Launin alamun hanya ma magana ce: kore na ɗan koyo, shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye. Don Allah kada wani aboki ya ruɗe ka ka bi ja a ranarka ta farko.

Inda ban ji daɗi ba shi ne shagon da na yi hayar kaya. Akwai maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo, ana ce masa "baglama", wanda ake saitawa daidai da nauyin mutum da tsawonsa da ƙwarewarsa, don ya saki takalmin idan an faɗi, kada gwiwa ta murɗe. Mai shagon bai tambaye ni nauyina ba, sai hoja ne ya duba ya mayar da ni a gyara. Tabarau da safar hannu ma ba sa cikin kuɗin haya, kuma ba a faɗa mini ba sai a wurin biya. Hasken rana a kan dusa yana ƙona ido, saboda haka tabarau dole ne.

Ajin namu ya ɗan yi yawa, har wani lokaci kana jiran layi sanyi na shiga yatsu. Wanda ke da hali ya ɗauki malami shi kaɗai, ko su haɗu su uku, kuma ya zaɓi tsakiyar mako, domin Asabar da Lahadi mutanen Kayseri kan cika wurin. Kafin ka biya, tambayi ko malamin yana jin Turanci, idan Turkancinka bai nuna ba.