Na gwada African Storybook da ɗaliban malanta a Garwa

Shekara uku ke nan ina koyar da masu shirin zama malaman firamare a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma makullin ɗakin karatun makarantarmu yana hannuna, don ba wanda ya yarda ya karɓa. Ɗakin suna ne kawai. Kanta biyu ce, cike da nahawun Faransanci da wasu tatsuniyoyin Turai da aka ba mu kyauta, masu hoton ƙanƙara da bishiyoyin da yaron unguwar Yelwa bai taɓa gani ba. Da su ake so in koya wa mutum yadda zai zaɓar wa yara littafi. An ce ka ɗanɗana miya, tukunya kuwa wayam.

Bara wata abokiyar aikina ta nuna mini African Storybook a wayarta. Rumbu ne na littattafan yara masu hotuna a intanet, wata ƙungiyar Afirka ta Kudu mai suna Saide ta fara shi a 2013. Akwai labarai a harsunan Afirka sama da 200, har da Hausa da Fulatanci, ga kuma Faransanci. Ba a biyan ko sisi. Lasisinsu na Creative Commons ne, wato kana da izinin saukewa, ka buga a takarda, ka fassara, ko ka sauya labarin, in dai ka ambaci masu shi.

Yawan littattafan bai burge ni kamar matakan da aka jera su ba. Biyar ne: kalmomin farko, jimlolin farko, sakin layi na farko, dogon sakin layi, sai na biyar wanda babba ke karanta wa yara. Wannan jerin shi ya zame mini allo.

Ga yadda abin ya faru. Na raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da waya ɗaya, na ce su nemo littafin da za su karanta da 'yan SIL, wato ajin farko na firamare a tsarinmu na Faransanci. Wani ɗalibina, saurayi mai himma, ya kawo na mataki na huɗu yana murmushi.

"Madam, duba hotunan. Yara za su so shi."

"Hotuna kam sun yi kyau, ɗana. Ƙirga mini kalmomin shafin farko."

Ya sa yatsa a kan gilashin waya yana bi, leɓensa na motsi. Da ya wuce arba'in sai ya tsaya, ya ɗago kai. Ban ƙara ce masa komai ba. Ya san yaran da zai tarar: sun fi tamanin a aji, yawancinsu da Fulatanci suka tashi, wasu da Hausa, Faransanci kuwa sai a bakin malam suka fara jin sa. Ya koma ya nemo na mataki na ɗaya, layi guda a shafi, jimla ɗaya tana maimaituwa sai kalmar ƙarshe ke canzawa. Na yi shekara biyu ina bayanin wannan da alli bai shiga ba. Ranar ya shiga cikin minti goma, saboda littattafan biyu suna gabansa yana kwatantawa.

Fassara ce aiki na biyu, kuma a nan aka yi gardama mai daɗi. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta ambaci raya harsunan ƙasa, manhajar 2018 ma ta ba su gurbi a firamare, amma malamin da bai taɓa rubuta harshen uwarsa ba me zai koyar? Da yawa cikin ɗalibaina suna jin Hausa ko Fulatanci kamar ruwa, sai dai in ka ba su biro su rubuta da ƙa'idar Faransanci, su sa "ou" a wurin u, "tch" a wurin c. Muka ɗauki labari ɗaya na Hausa muka shimfiɗa shi kusa da na Faransanci. Nan suka fara ganin ɓ da ɗ da ƙ a buge, suka kuma lura cewa mutanen Nijeriya kan rubuta 'y inda na Nijar ke sa ƴ. Masu Fulatanci suka ce ai wannan ƴ tasu ce ita ma. Wata ɗaliba ta dage cewa kalmar da aka sa ta Kano ce, kakarta ba haka take faɗa ba. Na ce to 'yata, rubuta yadda kaka ke faɗa, lasisin ya ba ki dama. Ta rubuta, kuma nata ya fi daɗin ji a bakin yaran nan.

Abu ɗaya da nake jan kunnensu a kai: a rumbun akwai littattafan da masu shi suka duba suka amince da su, akwai kuma waɗanda jama'a suka ɗora da kansu. Na biyun sai an karanta da babbar murya a aji kafin a kai wa yara. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, don tantancewar ita ce sana'ar da nake koyarwa.

Wahalar da muka sha ta gida ce. Layin waya yakan ɗauke, wuta ma haka, balle a Maris da Afrilu da zafi ke kaiwa maƙura. Dabarata ita ce in sauke littattafan da dare a manhajarsu ta waya, mai buɗewa ko babu intanet, in tura wa shugabannin rukuni. Bugawa ma sai da lissafi. Mai fotokofin da nake zuwa yana karɓar sefa 25 kowane shafi baƙi da fari, mai launi kuwa ba a magana. Sau ɗaya ya kwafe rubutun zuwa wani shiri a kwamfutarsa wai zai rage mini takarda, sai duk haruffa masu lanƙwasa suka koma akwatuna. Tun ranar nake tsayawa a kansa har ya buga yadda na kawo.

Ga mai kula da ɗakin karatu, wannan rumbun shi kaɗai ba zai wadatar ba, don labarai yake bayarwa, ba sharhi a kansu ba. Sharhi ina samun sa a Takam Tikou, mujallar da aka fara a 1989, wadda yanzu babban ɗakin karatun ƙasar Faransa ke fitarwa a intanet, tana bitar littattafan yara na Afirka da Faransanci. Nakan sa ɗalibai su karanta sharhi ɗaya a can, sannan su rubuta nasu a kan wani labarin African Storybook, layi biyar kacal: wane aji, me ya sa, wace kalma za ta ba yara wuya.

Waɗannan takardun yanzu sun kai sittin da ɗoriya, suna cikin kwalin sabulu a kanta ta biyu, an jera su bisa mataki. 'Yan sabuwar shekara da suka fita koyarwar gwaji a watan jiya sun ɗebi goma sha biyu, takwas ne suka dawo.