CW, tashar da aka haɗa daga UPN da WB: abin da na gani a gidana

Duk wanda ya zauna a New York kafin 2006 ya san cewa a gidan baƙar fata, ɗan ƙasa ne ko baƙo irinmu, tasha ta 9 ce ta fi zama a kunne a talabijin da daddare. UPN ke nan. Ta 11 kuwa, wato WB, ta 'yan makaranta ce. A ranar 24 ga Janairun 2006 sai kamfanin CBS da na Warner Bros. suka ba da sanarwar za su rufe duka biyun su buɗe guda ɗaya mai suna CW, kowa da rabin hannun jari. Dalilinsu a fili yake: tun Janairun 1995 da aka buɗe su, kwana biyar tsakani, suke kokawa a kan matasa masu kallo, kuma asara ta fi riba yawa. Ni lissafinsu bai dame ni ba. Damuwata ɗaya ce, ina kokawar SmackDown ta daren Juma'a za ta koma.

Sai na yi bayani kaɗan kafin ku ga girman abin a wurina. A benenmu na Bronx ni ke da talabijin mai ɗan faɗi, saboda haka falona ne dandali. Yawancinmu tasi muke ja. Akwai 'yan zangon Kumasi, akwai mutanen Maraɗi, ga mu Kanawa. Daren Juma'a daga ƙarfe takwas zuwa goma kowa yakan ajiye mota, a ɗora shayi, in wani ya dawo daga gida a fito da kilishi. Dattijon wurin kawun matata ne, mutumin da ya sha kallon kokawar takobi a Nijar tun yana saurayi. Kullum sai ya ce, "Wannan ba kokawa ba ce, wasa ne," amma in aka kashe fitilun fili aka buga ƙararrawar shigowar ɗan kokawar nan Undertaker, kofin shayinsa a hannu yake sandarewa har sai mutumin ya cire hula. A ƙasar da kowa ke gudun neman kuɗin haya, awa biyun nan su ne zumuncinmu.

Da Satumba ta kama, tasha ta 9 ta canza fuska. Masu ita, wato kamfanin Fox, ba a sa su cikin haɗakar ba, sai suka buɗe tasu mai suna MyNetworkTV a ranar 5 ga wata, wasannin soyayya kowane dare. Hankalina ya tashi, na ɗauki waya na kira kamfanin da ke ba ni tashoshi ta kebul. Ba zan kama sunansu ba, amma Allah ya sani har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Na tambayi wanda ya ɗauka tambaya guda: sabuwar tashar nan da za ta fara ranar 18, tana cikin tsarin da nake biya ko ba ta ciki? Ya ce bari ya duba. Ya bar ni da kiɗa a kunne, ya dawo ya ce sabuwar tasha ce, in ina so in tabbatar ba ta wuce ni ba gara in hau tsari na gaba. Na sake tambaya, na ce masa kokawa kawai nake so. Ya ce ai shi ya sa, a babban tsarin babu abin da zan rasa. Ya karanto mini sharuɗɗa da sauri kamar ana korarsa, kwantiragin shekara guda, na ce na yarda. Kun dai san abin da suke yanka a wata, ba sai na faɗa ba.

Ranar Juma'a 22 ga Satumba falo ya cika. Ina riƙe da rimot ina laluben sababbin tashoshin da na saya, can sama wajen ɗari da wani abu, ina neman CW. Takwas ta gota. Kawu ya fara gyaran murya. Sai yaron maƙwabcina, ɗan firamare, ya ce, "Baba, ai 11 ce." Na danna 11, ga koren tambari a gefe, ga fili cike da mutane. Aka yi shewa. Yaron bai tsaya nan ba, ya ja hannuna zuwa kicin inda uwargida ke da wata 'yar tsohuwar talabijin mai eriya ƙaho biyu, wadda ba ta taɓa ganin wayar kebul ba. Ya murɗa ta zuwa 11, ya ɗan karkata ƙahon hagu wajen taga. Hoto ya fito, da ɗan yayyafi a jikinsa amma ana ganin komai. Ashe kyauta take a iska, yadda WB take a da, WPIX ɗin nan dai da muka sani, wato tasha ta 11, tambari kawai aka sauya.

Washegari na kira su. Wannan ya tura ni wurin wancan, wancan ya ce babu inda aka rubuta cewa an gaya mini tashar ba ta cikin tsohon tsarina. Na ce ai kuna naɗar maganganu, ku saurara. Aka ce za a kira ni. Ba a kira ba. Da na matsa sai aka ce ina iya fita, amma sai na biya tarar karya kwantiragi, kuma da na lissafa tarar ta kusa kai abin da ya rage. Mutumin da ke kwana a kan sitiyari, a zare masa gumin wata goma sha biyu da magana mai harshen damo. Ranar da shekarar ta cika na kai musu akwatinsu da hannuna.

Ita kanta tashar, a farkon nan, ta ba ni mamaki mai daɗi. Azumi ya kama a ƙarshen wannan makon, sai muka koma naɗar kokawar a kaset mu kalla bayan asham, lokacin King Booker ke riƙe da kambu kafin Batista ya ƙwace a Nuwamba. Sannan ta kashe mini wata rigima da ta daɗe a gidana. A shekarar da ta gabata, daren Alhamis ƙarfe takwas, Everybody Hates Chris yana UPN, Smallville yana WB, lokaci guda. Ɗana na son wancan, 'yata na son wannan, kullum sai an yi kuka. Da aka haɗe su a tasha ɗaya dole aka raba musu rana, gida ya zauna lafiya.

Shirin Chris ɗin nan ni ma ya kama ni. Labarin yarintar ɗan barkwanci Chris Rock ne a unguwar Bedford-Stuyvesant ta Brooklyn a shekarun 1980, amma ni uban nake kallo, Julius, wanda Terry Crews ya fito a matsayinsa. Aiki biyu yake yi, yana barci da kayan aiki a jikinsa, kuma ya san farashin duk abin da aka zubar a gidan har kwabo. Ranar da na fara ganinsa uwargida ta juyo ta ce, "Maigida, wannan ai ku ne." Ba ta yi ƙarya ba. Da wuya ka ga uba baƙar fata a talabijin ɗin Amurka wanda wahalarsa ta yi kama da tamu, kuma aka nuna shi da mutunci. A wannan lokacin da an ce in ba tashar maki, huɗu cikin biyar zan ba ta ba tare da na yi tunani ba.

To amma akwai lissafin da ban lura da shi ba sai daga baya. UPN na da awa 10 na shirin dare a mako, WB na da 13. Jimla 23. CW ta ɗauki tsarin WB, awa 13. Kamar a kwashe kayan ɗaki biyu a zuba a ɗaki ɗaya ne, dole wasu su kwana a waje. Ku duba waɗanda suka kwana a wajen: Half & Half, One on One, Eve, Cuts, duk na baƙar fata. Gaskiya ɓangaren WB ma ya rasa Everwood, kuma masoyansa sun yi ta kuka. Amma 7th Heaven, da ya riga ya yi bankwana a watan Mayu, an tashe shi an ƙara masa shekara. Namu da suka tsira aka tattara su a dare guda, da farko Lahadi, cikin Oktoba aka mayar da su Litinin.

Daga nan sai zubewa ɗaya bayan ɗaya. All of Us ya tafi a 2007. Girlfriends, wanda uwargida ta bi tun farkonsa a 2000, ya tsaya cak a Fabrairun 2008 bayan yajin aikin marubuta. Zango takwas ana tafiya da mata huɗu da rayuwarsu, ko kashin ƙarshe ba a yi ba. Ta yi makonni tana kunna tashar daren Litinin ko za a ce wani abu. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata, domin na ga yadda ta ɗauki matan nan kamar ƙawayenta a garin da ba ta da dangi sai kawu. A Oktoban 2008 kokawar ma ta tattara ta koma tasha ta 9. Chris da The Game, shi ma shirin baƙar fata, aka kai su daren Juma'a, a Mayun 2009 aka rufe duka biyun. Abin da ya cika allon shi ne Gossip Girl da 90210, 'ya'yan masu kuɗi da rigingimunsu. Na san kasuwa ce, masu talla 'yan mata matasa suke nema, kuma tashar ba ta ɓoye cewa su ta sa a gaba ba. Sanin hakan bai rage mini zafi ba. Maki huɗun nan na janye shi, biyu da rabi ya ishe ta.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, daga baya ta kawo Black Lightning da All American a 2018, kuma yarana da suka girma sun ce suna da kyau. A 2022 ma kashi 75 cikin ɗari na tashar ya koma hannun kamfanin Nexstar, fuskarta ta sake canzawa, wasannin motsa jiki sun yi yawa. Wanda ke da eriya har yanzu zai kama ta kyauta, kada wani ya ce maka sai ka ƙara kuɗi.

Abin da ya tsaya mini shi ne The Game. Bayan an rufe shi, tashar BET ta ɗauko shi, ta dawo da shi a Janairun 2011. A daren farko mutum miliyan 7.7 suka kalla. Mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba, suna nan tun lokacin da ake cewa shirin ba shi da kasuwa. Gidana na cikinsu. Sai dai BET ba a kama ta da eriya, sai ta kebul, dole na sake ɗaura waya, wannan karon da wani kamfanin daban, kuma sai da na sa suka rubuta mini sunan kowace tasha a takarda kafin na sa hannu.