Zama takwas a wajen mai ba da shawara mai zaman kanta a Kano: abin da na kashe da abin da na samu

Wata huɗu bayan rasuwar mahaifiyarmu barci ya ƙaurace min. Ɗinki nake yi a gida, keke biyu da yarinya ɗaya mai taya ni, kuma a shekara goma sha ɗaya ban taɓa ɓata wa mutum yadi ba sai a wannan tsakanin. Ranar da na sa almakashi a shaddar wata amarya na yanka ba daidai ba, na zauna a ƙasa ina kuka har la'asar. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ce min, "Yaya, wannan ya wuce a ce ki yi haƙuri, ki bari a duba ki." Ita ta samo min lambar wata mata da ke ganin mutane a ofishinta a unguwar Nasarawa. Ba zan faɗi sunanta ba, amma zan faɗi yadda aikinta yake, don na san akwai masu son zuwa irin wannan wuri da ba su san ta inda za su fara lissafi ba.

Abin da na fara tambaya a waya shi ne ko likita ce. Ta ce a'a, masaniyar halayyar ɗan Adam ce da ta yi digiri na biyu a ɓangaren kula da masu damuwa, aikinta magana da horarwa ne, ba ta rubuta magani. Idan ta ga ina buƙatar magani za ta tura ni wajen likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano. Wannan amsar ta kwantar min da hankali. Da na je na tarar da takardun shaidarta a bango, na tsaya na karanta, ba ta ji haushi ba. Ku ma ku karanta, domin a yanzu kowa na iya buɗe shafi a Instagram ya kira kansa mai ba da shawara.

Ga kuɗin. Zaman farko naira 20,000, awa ɗaya da rabi. Sauran zaman naira 15,000 kowanne, minti 50. Ni da na ji 20,000 na ɗauka shi ke nan, zuwa ɗaya ko biyu an gama. Sai a ƙarshen zaman farko ta ce tana ganin za mu buƙaci kamar takwas. Wato 125,000. Ƙara kuɗin A Daidaita Sahu, 2,000 zuwa da dawowa, da rabin yinin ɗinki da nake asara duk ranar zuwa. Da tarar da zan faɗa a ƙasa, abin da ya fita daga hannuna ya kusa 150,000, ya haura albashin wata biyu na mai karɓar mafi ƙarancin albashin nan na 70,000 da aka amince da shi a 2024. Inshorar lafiyar wajen aikin maigidana ba ta yi min amfani ba, don matar ta ce ba ta hulɗa da kamfanonin inshora, ko kuɗi hannu ko a tura ta asusu kafin a shiga. Kwasar adashina na sa gaba ɗaya, wanda na yi niyyar sayen injin sirfani da shi. Da ta gaya min adadin zaman tun a waya, da na shirya daban. Wannan shi ne ƙorafina na farko.

Na biyu ya fi min ciwo. A ranar farko aka miƙo min takarda shafi biyu da Turanci, na sa hannu ban karanta ba, lokacin kaina ba ya ɗaukar komai. Ashe a ciki an rubuta cewa wanda zai fasa zuwa sai ya sanar awa 24 kafin lokaci, in ba haka ba ya biya rabi. Ranar zama na uku ɗana ya tashi da zazzaɓi, na kira da safe, aka ce sai na biya 7,500. Na fahimci dalilin, lokacin nan an ajiye min shi ne. Amma mutumin da ya zo cikin damuwa ya kamata a karanta masa sharaɗin da baki, da Hausa. Haka kuma yarinyar da ke karɓar baƙi ta taɓa tambayata a gaban mutane abin da ya kawo ni. Na gaya wa matar, ta ba ni haƙuri, ba a sake ba.

A cikin ɗakin kuwa ban ga abin kushewa ba. Kujeru biyu masu hannu, ƙaramin tebur da ruwa da kwalin tishu, agogo a bayan kaina inda ita kaɗai ke ganinsa, don kada in riƙa ƙirga mintoci. Ta fara da cewa, "Hajiya, duk abin da kika faɗa a nan zai tsaya, ko maigidanki ya kira ba zan gaya masa ba sai da izininki. Sai fa idan na ga ranki ko na wani yana cikin haɗari." Da na ce ina tsoron a ce na haukace, irin yadda mutanenmu ke yi da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ta ce min tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ma an maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, saura mu gyara bakunanmu.

Sannan ta ɗauko wata takarda mai tambayoyi tara game da sati biyun da suka wuce, barci, cin abinci, gajiya, ganin laifin kai. Tana fassara min ɗaya bayan ɗaya, ina ba da amsa, tana sa maki daga sifili zuwa uku. Da ta zo tambaya ta tara, ko na taɓa jin gara in mutu, ta ajiye biro ta dube ni, ta jira. Ban taɓa faɗa wa kowa amsar ba sai ranar. Makina ya tashi 16 cikin 27.

Abin da ya sa nake ganin kuɗin bai tafi a banza ba shi ne aikin gida. Ta ce duk daren da na farka in rubuta tunanin da ya tashe ni. A bayan littafin awon kwastomomi nake rubutawa, kusa da faɗin kafaɗa da tsawon hannu. Sai ga shi magana ɗaya ce ke ta dawowa, cewa da na kai Mama asibiti da wuri da ba ta rasu ba. Zama biyu muka yi a kan wannan jimlar kaɗai, tana tambayata me na sani a lokacin, me na sani sai daga baya. Ba ta taɓa raina addu'ata ba, ta ma ce in ci gaba da azkar ɗin kwanciya, in dai daina kai waya gado.

Zama ɗaya mun yi ta WhatsApp, kuɗin bai ragu ba, layi ya yi ta yankewa, yara na buga ƙofa. Ban ba wanda gidansa ke cike da jama'a shawarar wannan ba.

Bayan zama na huɗu na cire kunya na ce, "Malama, aljihuna ya fara gazawa." Ba ta rage farashi ba, amma ta mayar da zuwan sati biyu-biyu, ta kuma ce in abin ya gagara za ta rubuta min takarda in koma asibitin gwamnati, inda kuɗin bai kai haka ba ko da yake akwai jira. Da na san za a iya wannan maganar da na yi ta tun ranar farko.

A zama na takwas muka sake tambayoyin nan tara, maki ya sauko 7. Ina samun barcin awa shida yawancin dare, na kuma koma karɓar ɗinkin biki. Ta ce in dawo sau ɗaya bayan wata uku, don haka duk sati nake jefa 1,500 a gwangwanin maɓallai.