Na'urar kunnen Yaya, bayan wata huɗu

Shekara 9 ke nan Yayanmu yana shan maganin ciwon ƙwaƙwalwar da likitoci ke kira sikizofiriniya. Don haka da ya fara yin biris da mu, duk gidan muka ce ciwon ne ya motsa. A kira shi sau uku, shiru. In ya ga Umma da Gwaggo suna magana ƙasa-ƙasa, sai ya ce gulmarsa ake yi. Ashe kunne ne! Likitansa ne ya ce a gwada jinsa, domin rashin ji yakan ƙara wa masu wannan ciwo zargi da jin muryoyi.

A asibitin kunne aka fara wanke masa dauɗa, sannan aka sa shi a wani ɗan ɗaki, yana danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara. Kunnen hagu ya fi taɓuwa. Aka ba shi irin na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne, da ɗan roba da aka auna daidai ramin kunnensa.

Nan fa aka yi daga. Ya ce sam, da ita za a riƙa sauraron sirrinsa. Ma'aikaciyar ba ta yi musu da shi ba. Ta buɗe gidan batir, ta miƙa masa, ta ce, "Malam, a hannunka take. In ka cire batir, ta mutu." Ya buɗe ya rufe ya fi sau goma kafin ya yarda. Allah ya saka wa matar nan.

Na'urar kanta tana aiki, amma tana da rigima. In robar ba ta zauna daidai ba sai ta yi ta ƙara kamar fito, wanda da farko ya firgita shi. Batirinta lamba 13 ne, mai takardar ruwan lemo, ba ya wuce mako biyu, kuma ba kowane kemis ke da shi ba. Gumi da ƙurar hunturu ma abokan gabarta ne, kullum da dare sai na goge ta.

Muryoyin ba su tafi gaba ɗaya ba, maganinsa kuma ko kwana ɗaya ba mu tsallake ba. Amma yanzu yakan tambaye ni, "Ke ma kin ji wannan?" In na ce e, sai ya ci gaba da cin tuwonsa.