Kayan miyar Satumba a tsakiyar Janairu

Hunturun farko da na yi a jihar Minesota ta Amurka, tumatur ɗin kanti ya kusa sa ni kuka. Ja ne a ido, amma in ka yanka sai ka ga ruwa zalla, miya ta fito salam. Shi ya sa bara na sayi ƙaramar firiza, irin mai buɗewa ta sama kamar akwati, na fara sammakon Asabar zuwa kasuwar manoma ta birnin St. Paul da ke unguwar Lowertown. Yanzu na ci hunturu guda da abin da na tara, don haka ina da bakin magana.

Kasuwar ta biya ni. Da yawan masu rumfunan 'yan ƙabilar Hmong ne, waɗanda suka fara zuwa Amurka daga Laos bayan 1975, kuma abin da suke nomawa kamar sun leƙa tukunyarmu: alayyafo, kuɓewa, gauta, attarugu mai hawa kai. Ranar da na hango yakuwa a teburin wata tsohuwa, sai da na tsinki ganye na tauna don in tabbatar. Tsamin nan ne dai. Ta yi dariya, ta ƙara mini dami ɗaya gyara.

Lokaci shi ne komai. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake sayar da tumatur kwali-kwali da araha; da sanyi ya ƙona gonaki a Oktoba, shi ke nan sai baɗi.

Kuskurena na farko, na zuba tumatur ɗungurungum a leda na jefa firiza. Kwali biyu suka cinye rabin wurin, ruwa kawai nake daskarwa. Zuwa na gaba sai na markaɗa shi da tattasai da albasa, na ɗora a wuta har ya tsane ya koma kashi ɗaya cikin uku, na zuba a ledoji daidai miyar kwana biyu, na shimfiɗe su kamar littattafai. Gidan ya wuni yana ƙamshi, maigida yana ta leƙen kicin yana tambaya ko biki za a yi.

Ganye kuwa sai an tsoma shi a tafasasshen ruwa minti 2, a tsame a jefa cikin ruwan ƙanƙara, a matse. Alayyafon da na yi wa ganda ban tsoma ba, kafin Disamba ya dushe yana warin ciyawa. Kuɓewa ta riƙe yauƙinta, sai dai kada a bari ta narke. Daga firiza sai tukunya. Attarugu ba ruwansa, a wanke, ya bushe, a zuba. Gauta ce ta ba ni kunya, ta zama lagwani, ba zan sake ba.

Ita firizar tana riƙe sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba gardama, ba ta da ƙara. Aibinta zurfi. Abin da ya faɗa ƙasa ya shiga rijiya, a Afrilu na tono yakuwar da na ɗauka ta ƙare tun Janairu. Ƙanƙara ma da hannu ake kankare ta. Bana na sayo kwanduna uku, na rubuta kwanan wata a kan kowace leda, kuma tumatur kwali huɗu zan ɗauka.