Tallafin karatu na Suwidin: abin da yake ba mace da abin da yake bari ta nema da kanta

Duk shekara idan tsakiyar watan Oktoba ta yi, lokacin da jami'o'in Suwidin suke buɗe ƙofar neman gurbin digiri na biyu, sai matasan ma'aikata su fara zuwa da tambayoyi a kan tallafin karatun da hukumar Swedish Institute take bayarwa, wadda aka fi sani da SI. Maza kan tambayi nawa ake biya a wata da kuma ko za a bar mutum ya yi aiki. Mata kuma, musamman masu aure, tambayarsu ta farko kusan ɗaya ce: yaran fa? Wannan tambaya ce ma'aunin da na ga ya dace a auna tallafin da shi, domin Suwidin ce ƙasar da ta fara shelanta wa duniya cewa daidaito tsakanin maza da mata shi ne ginshiƙin hulɗarta da ƙasashen waje, kuma wanda ya yi wannan iƙirari ya ba mutane damar su bincika kayansa da idon basira.

SI ba gidauniyar wani attajiri ba ce. An kafa ta a 1945, kuma hukuma ce ta gwamnati da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, saboda haka tallafin da take rabawa wani reshe ne na siyasar ƙasar a ƙetare. A watan Oktoba na 2014 ne ministar harkokin waje Margot Wallström, wadda kafin nan ita ce wakiliya ta musamman ta farko da Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa a kan cin zarafin mata a fagen yaƙi, ta bayyana cewa ƙasarta za ta bi manufar harkokin waje mai fifita 'yancin mata. An gina manufar a kan tambayoyi uku: shin mata suna da haƙƙi daidai da na maza, shin suna zaune a inda ake yanke shawara, kuma shin kuɗi yana kai wa gare su? Tambaya ta uku ce ta fi shafar mu a nan. Kanada ta biyo baya a 2017 da irin nata tsarin a fannin agaji, sannan Faransa da Meksiko da Sifaniya da Jamus suka bi sahu. Manufar ta jawo wa Suwidin rigima da wuri: bayan da Wallström ta soki bulalar da aka yi wa marubucin intanet ɗan Saudiyya Raif Badawi a ƙasarsa, sai Saudiyya ta hana ta yin jawabi a taron Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a Alƙahira a watan Maris na 2015, Suwidin ta ƙi sabunta yarjejeniyar haɗin gwiwar soja da ke tsakaninsu tun 2005, Saudiyya kuma ta janye jakadanta na ɗan lokaci. Amma a ƙarshen wannan shekarar Saab, kamfanin ƙera kayan yaƙi na Suwidin, ya ƙulla cinikin jiragen leƙen asiri da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda take cikin ƙawancen da ke yaƙi a Yaman, abin da masu suka ba su taɓa mantawa ba. A watan Oktoba na 2022 sabuwar gwamnatin Ulf Kristersson ta hau, ministanta na harkokin waje Tobias Billström ya ce an ajiye wannan laƙabi ko da yake daidaiton jinsi yana nan a matsayin ɗabi'ar ƙasa, aka kuma daina bin tsohon alƙawarin ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa domin agaji, aka tsayar da kasafin shekarun 2023 zuwa 2025 a kan krona (kuɗin Suwidin) biliyan 56 a shekara. Tallafin karatun ya tsallake wannan sauyi, sai dai jerin ƙasashen da ake karɓa yana canzawa, don haka wajibi ne mai nema ya duba jerin shekarar da yake nema kafin ya kashe ko kwabo.

Najeriya ta daɗe a cikin jerin, Gana ma haka, amma Nijar da Chadi ba sa ciki, wanda ke nufin Bahaushiyar Maraɗi ko Damagaram ba ta da rabo a nan komai ƙwazonta.

Abin da ake bayarwa ba kaɗan ba ne, kuma ya kamata a faɗi haka ba tare da rowar yabo ba. Tun 2011 Suwidin take karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai, kuma SI tana biyan wannan kuɗi gaba ɗaya kai tsaye ga jami'a. Tana ba ɗalibi krona 12,000 a kowane wata na tsawon karatun, shekara ɗaya ko biyu, tare da kuɗin tafiya krona 15,000 da ake biya sau ɗaya ga wanda ya taso daga nahiyarmu. Ba a ƙayyade shekarun haihuwa ba, kuma wannan shi ne sharaɗin da ya fi kowane yi wa mata adalci, domin macen da ta gama digirin farko, ta yi aure, ta yi goyo biyu ko uku, sannan ta dawo aiki tana da shekara 35, ba a rufe mata ƙofa kamar yadda wasu masu ba da tallafi suke yi da zarar mutum ya haura 30. An kuma ƙara wani tallafi na mata zalla a fannonin kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, wanda aka keɓe wa ƙasashe 10, kuma Najeriya tana ciki. Duk karatun da Ingilishi ake yin sa.

Hanyar nema hawa biyu ce, kuma a nan ne yawancin mutane suke tuntuɓe. Da farko ana neman gurbi ta shafin karɓar ɗalibai na ƙasa baki ɗaya, inda mutum zai zaɓi kwasa-kwasai har huɗu ya jera su bisa fifiko kafin tsakiyar Janairu, ya biya krona 900 daga aljihunsa, kuɗin da ba a mayarwa ko an dace ko ba a dace ba. Takardu kuma dole su isa kafin farkon Fabrairu, kuma ga wanda ya yi karatu a Najeriya ana buƙatar jami'arsa ce za ta aika da takardar sakamakon jarrabawarsa kai tsaye, ba shi ba. Duk wanda ya taɓa bin sawun irin wannan takarda daga ofis zuwa ofis ya san cewa wanda ya fara a Janairu ya makara, tun Oktoba ya kamata a shiga layi. Sai a Fabrairu SI take buɗe nata shafin na kwanaki kaɗan, kimanin mako biyu, kuma idan ta zo zaɓe daga baya ba ta la'akari da kowa sai wanda jami'a ta ba shi gurbi. Sakamako yana fitowa a Afrilu, karatu ya fara a ƙarshen Agusta. Guraben ɗaruruwa kaɗan ne ga duniya baki ɗaya, masu nema kuwa dubbai. A ganina tsarin a bayyane yake, ranakun ba sa motsi, kuma ba a buƙatar sanin kowa, abin da ya isa ya sa mutumin ƙasarmu ya sara masa. Sai dai tsari ne marar afuwa: wanda ya yi amfani da fom ɗin bara, ko ya bar wata takarda babu hatimi, an ajiye shi gefe ba tare da an waiwaye shi ba.

Sharaɗin aiki shi ne wuri na farko da manufa da zahiri suka fara rabuwa. Ana son mai nema ya nuna ya yi aiki na awa 3,000, wato kimanin shekara ɗaya da rabi ga mai aikin awa 40 a mako, daga wuraren aiki da ba su wuce uku ba, ya kuma nuna ya taɓa jagorantar mutane. Duk wannan sai an cika shi a fom ɗin hukumar, shugaban wurin ya sa hannu ya buga hatimi, sannan a kawo wasiƙun shaida guda biyu. Dalilin hukumar a fili yake, domin ba ta da wata hanyar tantance dubban mutane daga nesa sai ta takarda. Amma takarda tana ganin wani irin aiki ne kawai. Ma'aikaciyar banki a Legas ko jami'ar wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa a Abuja za ta samu hatimi cikin yini ɗaya. Macen da ta shekara biyar tana koyar da matan aure karatu da lissafi a zauren gidansu, ko wadda take riƙe da adashen mata 60 a unguwa tana sasanta rigingimunsu, ko wadda take bi gida-gida tana shawo kan iyaye su kai 'ya'yansu rigakafi, ta yi jagorancin da ya fi na mai kujera a ofis wahala, amma sau da yawa ba ta da shugaban da zai sa mata hannu, balle hatimi. Shawarata ga irin waɗannan mata ita ce su yi wa ƙungiyarsu rajista tun da wuri, su riƙa ajiye rubutaccen tarihin abin da suke yi, domin abin da ba a rubuta ba, a wurin mai tantancewa, bai faru ba.

Yanzu sai batun yara. Hukumar ta faɗa ƙarara cewa tallafin na mutum ɗaya ne, babu ƙarin ko krona ɗaya domin miji ko mata ko 'ya'ya. Dokar ƙasar ta yarda ɗalibi ya zo da iyalinsa, amma hukumar shige da fice tana son ya nuna yana da abin ciyar da su na duk tsawon zaman. A ƙididdigar 2024, ana buƙatar sama da krona 10,000 a wata domin ɗalibin kansa, sama da 4,000 domin abokin aure, da sama da 2,500 domin kowane yaro. Idan aka cire kason ɗalibi daga krona 12,000, abin da ya rage bai kai kason yaro ɗaya ba. Uwa mai yara biyu da za ta yi karatun shekara biyu sai ta nuna dubban krona masu yawa a asusunta, kuma kowa ya san abin da wannan yake nufi da naira tun bayan faɗuwar darajarta a 2023. Namijin da ya samu tallafin yakan bar iyali a hannun matarsa da danginsa ya tafi, babu wanda zai ce masa uffan, har addu'a za a yi masa a masallaci. Macen da ta samu kuwa tana gaban zaɓi uku: ta bar ɗan shekara biyu wajen kakarsa na tsawon wata 22, ko ta nemo kuɗin da ba ta da shi, ko ta haƙura. Sharaɗin iri ɗaya ne a rubuce, nauyinsa ne ba ɗaya ba, kuma gano irin wannan bambanci shi ne ainihin aikin da manufar 2014 ta ce ta zo yi. Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne, da zarar yaron ya shiga ƙasar, ya shiga ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina sauƙaƙa wa uwa mai karatu: akwai gidajen renon yara na hukuma daga shekara ɗaya da haihuwa, kuɗinsu yana da iyakar da doka ta sa, kuma ƙasa ce da iyaye suke raba hutun haihuwa na kwana 480 a tsakaninsu. An gyara ɗakin sosai, kuɗin shiga ƙofar ne ba a tanada ba. Da SI za ta ware ƙarin kuɗi daidai da kason yaro ɗaya ko biyu ga iyaye masu ƙananan yara, ko da hakan zai rage yawan guraben da kaɗan, da ta canza irin matan da suke iya karɓar abin da suka ci.

Akwai wata tambayar da iyaye da mazaje suke yi, kuma bai kamata a kauce mata ba. A 2023 an ƙona Alƙur'ani mai girma a Stockholm fiye da sau ɗaya, a gaban ofishin jakadancin Turkiyya a watan Janairu, da kuma a gaban babban masallacin birnin a ranar Babbar Sallah, kuma 'yan sanda ne suka ba da izinin tarukan bisa dokar 'yancin taro da faɗin albarkacin baki, ko da yake gwamnati ta yi tir da aikin. Wannan ya yi wa sunan ƙasar illa a wurinmu fiye da yadda kowane tallafi zai iya gyarawa, kuma ya nuna cewa abin da Suwidin take nufi da haƙƙin ɗan Adam ba koyaushe yake daidai da abin da mai sauraro a Kano ko Zariya yake ji ba. A gefe guda kuma akwai Musulmi masu yawa a ƙasar, akwai masallatai a Stockholm da Gothenburg da Malmö da Uppsala, ana samun naman halal a manyan birane, kuma doka ba ta hana ɗaliba sa hijabi a jami'a ba. Wanda zai zaɓi jami'a a arewacin ƙasar, kamar Umeå ko Luleå, ya shirya wa hunturun da rana take fitowa na 'yan awanni kaɗan.

Krona 12,000 tana isar mutum ɗaya idan ya iya tattali, amma haya ce take cinye kaso mafi girma, kuma a Stockholm da Lund da Uppsala samun ɗakin ma kansa aiki ne. Mai hankali yakan nemi ɗakin ɗalibai a ranar da gurbi ya fito, ba ya jiran sakamakon tallafi, yakan kuma sa ƙananan garuruwa a cikin zaɓinsa huɗu. Kuɗin tafiya ma a lissafa shi da kyau, tunda sau ɗaya ake bayarwa: uwar da ta bar yara a gida, idan tana son ta gan su a hutun bazara tsakanin shekarar farko da ta biyu, daga cikin kuɗin abincinta za ta tara na jirgi.