Ƙasan jirgi mai digiri 24 da mai digiri 16: wanne ya fi ɗaukar teku?

Ɗan'uwa, ka ce jirage biyu ne a gabanka, duka na faiba, kowanne tsawonsa ya kai mita 7. Ɗaya ƙasansa ya yi kaifi sosai kamar harafin V, an ce maka digiri 24 ne, ɗayan kuma digiri 16. Niyyarka ka riƙa shiga teku kilomita 30 zuwa 40 da fatsa ka dawo a ranar, kana tambayar wanda ya kamata ka ɗauka. Na yi kamun kifi a irinsu duka biyun, bari in jera maka su.

Ka zagaya bayan jirgin, inda ake ɗaura inji, ka tsuguna ka dubi ƙasansa. Daga tsakiya kowane gefe yana hawa sama yana yin waje, wannan hawan shi ake aunawa da digiri. Shimfiɗaɗɗen ƙasa sifili ne, daga 20 zuwa sama ana ce masa mai zurfi, naka mai 16 yana cikin matsakaita. A baya ake awon domin idan jirgi ya ɗauki gudu ya ɗaga goshi, rabinsa na baya ne ke cikin ruwa, da shi kuma yake sauka in ya yi tsalle. Kaifin goshi kuwa kusan kowane jirgi yana da shi, kada ya ruɗe ka.

A gudu cikin igiya, mai 24 ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau. Ka mari ruwa da tafin hannu, sannan ka sare shi da gefen hannu, za ka ji bambancin da kanka. Na sha dawowa da yamma a mai matsakaicin ƙasa bayan iska ta tashi, igiyoyi gajeru suna bin juna kusa-kusa. Duk saukar da jirgin ya yi sai ka ji ta tun daga ƙugu har haƙora, murfin akwatin ƙanƙara yana ta buɗewa yana rufewa, kowa ya lanƙwasa gwiwa ya riƙe ƙarfe gam. Dole ka rage wuta, don in ka ninka gudu, bugun yakan kusa ninkawa sau huɗu. A irin wannan ruwan mai zurfin ƙasa tsaga igiyar yake yi ya zauna a hankali, sai ka iso gaɓa da sauran ƙarfi a jikinka.

Wannan zanen yana da asali. A 1958, a Newport ta Amurka, wani dillalin jiragen ruwa, Richard Bertram, ya ga wani ƙaramin jirgi mai ƙafa 23 da mai zanen jirage Raymond Hunt ya zana yana keta ruwa mai tashi da gudu. Sai ya sa Hunt ya zana masa mai ƙafa 31, aka raɗa masa suna Moppie, ya lashe tseren Mayami zuwa Nassau ta Bahamas a 1960 cikin mummunan yanayi. Sirrin shi ne kaifin ƙasan bai tsaya a goshi ba, ya tafi har baya. Daga nan maƙera jirage suka bi sahu.

To, amma daɗin nan biyansa ake yi. Ƙasa mai zurfi ba ya tallafe jirgi kamar mai faɗi, saboda haka yana son inji mai ƙarfi kafin ya tashi ya hau saman ruwa, yana kuma shan mai fiye da ɗayan a tafiya iri ɗaya. Ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: ranar da teku ta ɓaci har ta tilasta wa kowa rage gudu, mai 16 yakan ci gaba da sulɓi a saman ruwa da gudu kaɗan, mai 24 kuwa sai ya sauka, bayansa ya nutse, goshi ya yi sama, yana turin ruwa yana ƙone mai. Farantan ƙarfen nan biyu da ake ɗaurawa a baya, masu danne goshi, suna rage matsalar, su ne kuma ke daidaita shi in iska ta bugo daga gefe ya karkata.

Sai wurin tsayuwa, inda masunci ke cinye yawancin yininsa. Ka kashe inji ka bar igiya tana zuwa ta gefe, mai 24 zai kama tangaɗi dama da hagu ba hutawa. Mutum biyu su koma gefe ɗaya don ɗago kifi, sai ya bi su. Ɗaura ƙugiya ma aiki take zama, mai saurin jiri kuwa ya shiga uku. Mai 16 zama yake yi daram. A nan nasara tasa ce, babu ja.

Idan igiya tana bin ka ta baya, hattara ta fi yawa a kan mai matsakaicin ƙasa, musamman wanda goshinsa ya yi tsini ƙwarai bayansa kuma ya baje. Igiya ta ɗaga bayan, goshin ya cake a cikin ta gaba, sai jirgi ya juya gefe farat ɗaya ba tare da ka murɗa sitiyari ba. Ta haka ƙananan jirage da dama ke kifewa. Wanda kaifinsa ya tafi bai ɗaya daga gaba zuwa baya ya fi riƙe hanya.

Kada dai ka ɗauka lambar nan ita ce komai. Nauyi da faɗi suna da nasu. Dubi jirgin panga da masuntan Meksiko ke shiga teku da shi: bayansa bai da wani zurfi, amma siriri ne dogo mai ɗagaggen goshi, yana yanka igiya da ƙaramin inji. Ka kuma shafa gefen da ƙasan jirgi ya haɗu da bangonsa. In akwai leɓe mai faɗi da ya ɗan sunkuya ƙasa, zai kore feshi ya kuma rage tangaɗi sosai.

Abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaya ba, shi ne ruwan da ya shigo ciki. Daɓe, wato wurin da ake takawa cikin jirgi, mai mita 2 a faɗi da mita 3 a tsawo, in ruwa ya kwanta a kai santimita 10 kawai, ka ɗauki fiye da kilo 600 ke nan, kuma kaya ne mai gudu zuwa duk gefen da jirgi ya karkata. Don Allah ka duba ko daɓen yana sama da layin ruwa, ko magudanansa suna da faɗin da za su zubar da ruwa da kansu, da kuma tsayin bangon baya a wurin inji, don ta nan igiya ke hayowa. Jirgin da ya faɗi a wannan, ko digirinsa nawa ne, ban yarda ka kai shi kilomita 30 ba.

In duka biyun sun tsallake, ni mai 24 zan ɗauka don irin nisan da ka faɗa. Tangaɗi wahala ce da ake jurewa, amma doguwar dawowa cikin iskar yamma ita ce ke da haɗari. Sharaɗin kawai tankinsa ya ishe ka: kashi ɗaya cikin uku na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Da a ce kusa da gaɓa za ka riƙa zama a kan anga, da mai 16 zan ce maka.

Kafin ka biya, ka nemi a fita da kai ranar da ake iska, da cikakken tanki da adadin mutanen da za ka riƙa ɗauka. Ku fuskanci igiya, ku ba ta baya, sannan ku kashe inji ku ba ta gefe na minti 10, kai da wani ku tsaya a gefe ɗaya ka dubi magudanan, ka ga ko ruwa fita yake yi ko shigowa.